Wasan Jamusawa a Ƙunshin Gyaɗa

Tsufa ya ƙwace mini abubuwa da yawa. Sai in shiga ɗaki in tsaya ina tambayar kaina me ma ya kawo ni, jikokina kuwa sai na kira sunan uku kafin in dace da wanda nake nufi. Amma akwai abu guda da ya ƙi sakina, kuma na san ba zan manta da shi ba har ranar da za a mayar da ni ƙasa. Shekara da shekaru na haɗiye shi ina yawo da shi a ciki. Yau dai zan amayar, wanda zai zage ni ya zaga, na cancanci fin haka.

A nan Jidda aka haife ni, a Ruwais, inda in iska ta juyo kana jin warin teku har cikin tuwonka. Kakannina ne suka zo aikin hajji daga ƙasar Hausa, suka zauna. Ni ban taɓa ganin Najeriya da idona ba, amma a takarda baƙuwa ce ni. Zamana yana rataye a wuyan iƙama, wato takardar izinin zama, ita kuma iƙama tana rataye a wuyan kafili, wanda ya tsaya maka a wurin hukuma. Ran da kafili ya zare hannunsa, ran nan ka zama kamar ba a garin aka yanke maka cibiya ba. Ku riƙe wannan, don shi ne tushen duk rashin kunyar da na yi.

A shekarun da ake faɗaɗa tashar jiragen ruwa, wani kamfani na Turawan Holan ya kama gidaje cikin katanga ɗaya ba nisa da unguwarmu. Mijina direbansu ne, ni kuma wanki da guga. Ta hannun kamfanin aka yi mana takarda, mu biyu da 'ya'yanmu uku. Innata tana tare da mu, sana'arta soya gyaɗa da gishiri, ta ƙunsa a takarda ta kai bakin titi inda leburorin tasha suke jiran mota.

Ƙofar katangar nan wani tsoho ne ke gadinta, kowa Baba yake ce masa, har Turawan. Shi ba haihuwar nan ba ne. Da ƙafa ya taso daga ƙasar Hausa shi da matarsa, suka yi shekaru a Sudan suna cirar auduga kafin su samu su haye teku. Allah bai ba su haihuwa ba. Matar ta rasu a nan Jidda, aka binne ta, shi kuma ya ƙi komawa. Yana da wani akwatin ƙarfe ƙarƙashin bencinsa, ba komai a ciki sai likkafaninsa da ya wanke da ruwan zamzam ya linke. In muna tsokanarsa muna cewa, "Baba, me aka ɓoye a akwatin nan, zinariya?" sai ya yi dariya ya ce, "Kayan tafiya ne, 'yata. Ni ba abin da na roƙi Allah sai ya kwantar da ni a ƙasar nan, kusa da tsohuwar. In na samu wannan, halas, shi ke nan, na gama cin ribar duniya." Shi ma kamfanin ne ya tsaya masa, don a shekarunsa ba wani kafili da zai kalle shi.

Cikin Turawan akwai wani dattijo da muke kira Muhandis, wato injiniya, dogo, mai furfura, shi kaɗai yake zaune a gidansa. Mutum ne mai son magana, da gurgun Larabcinsa da komai. Shi ne uban wasan kwaikwayonsu. Don ku sani, mutanen nan duk shekara sai sun yi wasa. A garin nan ba a san wannan ba a fili, to su can cikin katangarsu suke yi, a ɗakin da suke cin abinci, maza da mata. Ba kuwa 'yan wasa ba ne, ma'aikata ne kawai da matansu. Akawu ya zama likita, matar mudir, mai gidansu duka, ta zama baranya, a liƙa gashin baki, a kafa ƙofofin katako har biyar da ba sa kai mutum ko'ina. Ni ke goge musu kayan, wasu riguna masu jela da huluna kamar tukunya. Da farko ina ganin abin hauka ne, manya da gemu suna ɓuya cikin kabad. Daga baya har nakan laɓe a taga da dutsen guga a hannu ina dariya, alhali ko kalma ɗaya ba na ji.

Wata rana da hantsi ina guga a barandarsa, ya jawo kujera ya zauna yana ba ni tarihin abin. Ya ce a ƙauyensu tun zamanin kakansa, in sanyi ya shigo aikin gona ya tsaya, sai mai gasa burodi da mai kai wasiƙa da malamin makaranta su haɗu su yi wasa, gari ya taru ya kalla. Na ce, "To wa ke rubuta musu?" Ya ce a nan gizo ke saƙar. Yawancin wasannin ban dariyar nan ba nasu ba ne, na maƙwabtansu Jamusawa ne, su ne suka gwanance, suna fitar da su kamar ana toya waina. Sai a juya su zuwa yaren Holan, a buga a ƙananan littattafai, ƙauye-ƙauye su saya. Mahaifinsa, wanda malamin makaranta ne, ya ɗauki wani guda da ba a taɓa juyawa ba, ya zauna ya juya shi da hannunsa. Ana nan sai yaƙi ya zo, Jamusawan suka mamaye ƙasarsu suka yi musu ta'asa. Da aka gama, ba mai son ko jin sunansu. Sai uban ya sake zama, ya canza sunayen mutanen wasan da sunayen garuruwa, ya mayar da su na gida, ya ɓoye sunan wanda ya rubuta. Aka yi wasan, mutane suka yi dariya har da hawaye, mutanen da in sun san daga inda abin ya fito da sun tofa masa yawu.

Na ce, "Ashe ku ma kun iya ɓoye asali don a zauna lafiya." Ya yi dariya har yana buga gwiwa.

Na tambaye shi me wasan yake cewa. Ya ce duk kusan tafiyarsu ɗaya. Wani mutumin kirki ne zai yi 'yar ƙarya guda don ya rufa wa kansa asiri, ƙaryar ta haifi wata, wata ta haifi wata, ana shiga ta wannan ƙofa ana fita ta waccan, har a ɗora laifin a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Sai a kashi na uku, na ƙarshe, asiri ya tonu gaban kowa, mai ƙarya ya ji kunya, a yi dariya, a yafe, a ja labule. Ni da bakina da ba ya shiru na ce, "In kuma ba a kama shi ba fa?" Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "To ai ba wasan dariya ba ne ke nan." Na ci gaba da gugata, ban san da ni yake ba.

A shekarar ne ya je hutu gida, uwarsa ta rasu, ya dawo da rubutun uban. Ni ban san ya dawo da shi ba, ban kuma taɓa ganinsa ba. Shi ne wasan da za su yi a bana. An buga musu kashi na farko da keken rubutu suna haddacewa, sauran biyun suna nan a rubutun hannu, ba su da na biyu a duniya.

Yanzu ga inda tsautsayi ya shigo. A katangar nan akwai wata al'ada da ba wanda ya rubuta ta, amma kowa ya san ta. Bayan kicin ɗin kowane gida, gefen durom ɗin shara, akwai wani dakali. Duk abin da Bature ya ajiye a kan dakalin nan ya gama da shi, na masu aiki ne. Kwalabe, gwangwanaye, tsofaffin takalma, jaridu. Ba a tambaya, tambayar ma kunya take ba su. Ni jarida nake farauta saboda Inna, don a lokacin takardar ƙunshi wahala take, har faɗa mata suke yi a kan buhun siminti. Ran wata Alhamis da azahar, na gama aiki zan tafi, sai na hangi kwali a kan dakalin Muhandis, takardu baje a ciki da gefensa an danne da duwatsu. Tsofaffi ne, sun yi ja, suna warin ruma, an cika su da rubutun tawada an yi ta soke wasu layuka. Na duba ba rubutun Larabci ba ne balle in ce da sunan Allah a ciki. Na ce kai, yau Inna ta yi sallah. Ashe bawan Allah shanya ya yi. Damshin Jidda ne ya fara cin takardun, ya nemi inda rana ta fi bugawa a gidan, ya baza su, ya tafi tasha.

Na tattara su tsaf na zuba a kwali. Da na zo ƙofa na sauke don in gyara mayafi, sai Baba ya taso ya ce, "Kawo in ɗora miki, 'yata. Yau kin yi kamu." Shi ya ɗora mini kwalin a ka da hannunsa, ya buɗe mini ƙofa, har yana cewa in gaida Inna, a ajiye masa gyaɗarsa.

Inna kuwa ta yi ta sa albarka. Ta shafa takardar ta ce, "Kin ga takardar arziki, mai kauri, ba ta shan mai." Kafin la'asar ta linke su ta bi da wuƙa, kowace ta raba ta biyu. Da yammacin ranar ta fita da tire, washegari Juma'a ta sake fita bakin masallaci, ranar da ciniki ya fi tafiya. Rubutun da mutum ya yi shekaru yana yi, wanda ya tsallake yaƙi ya haye teku, a wuni biyu muka raba wa leburori da direbobin tasi, suka cinye gyaɗa suka murtsuke suka yar.

Ranar Asabar da safe na shiga katanga na tarar da ita a hargitse. An kifar da duk duromomin shara a tsakar gida. Muhandis yana durƙushe cikin ɓawon kankana da gwangwanaye yana tonawa da hannu, fuskarsa ja wur. Na tambayi kukun gidan mudir me ya ɓata. Ya ce, "Takardun ubansa ne, na wasan nan. Ya shanya a bayan kicin ran Alhamis, wani ɗan banza ya kwashe." Na dafa bango, na ce masa rana ce ta buge ni.

Mudir, shugaban wurin, ba irin Muhandis ba ne. Matashi ne mai zafin kai, kuma dama an sha kai masa ƙarar ɓatan ƙananan abubuwa. Ya tara mu duka masu aiki a tsakar gida, ya sa tafinta ya gaya mana cewa wannan sata ce, kuma duk wanda aka kama, shi da takardarsa halas, tasu ta ƙare. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kaina ya ce, "Ke kin ga wani abu?" Na ce ban gani ba. Haka kawai maganar ta fito, sumul, ko gargada babu. Sai ya juya wajen Baba ya ce, "Kai ne mai ƙofa. Kwali ba ya tashi sama. Wa ya fita da shi?"

Ina tsaye ina kallon ƙafafuna, ina jiran in ji ya ambace ni. Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ne mai ƙofa. Duk abin da ya fita, ta hannuna ya fita." Mudir ya ce ba wannan ya tambaya ba, suna yake so. Baba ya ce shi tsoho ne, ido ya yi rauni, mutane da yawa suna wucewa. Ko inda nake bai kalla ba. Mudir ya ba shi kwana uku, ko takardu, ko suna, ko ya bar ƙofar.

Da na koma gida na gaya wa mijina. Ya zauna a bakin gado ya riƙe kai. Ya ce, "Kin san abin da kika jawo mana? In suka kore ki ni ma sun kore ni. Mu kwashi yara uku da tsohuwa mu je ina? Garin da ko hanyarsa ba mu sani ba?" Na ce to Baba fa? Ya ce, "Baba shi kaɗai ne, mu shida ne. Kuma ba za su kori tsoho a kan takarda ba, barazana ce. Ki ja bakinki ki yi shiru." Ba zan ɗora masa ba, Allah ya ji ƙansa. Abin da ya faɗa shi nake so in ji. Da ya ce in je in faɗi gaskiya, na san da na nemo dalilin ƙi.

Sai na ce bari in gyara ta bayan fage. Na zazzage kwandon Inna, na samu ragowar da ba ta kai ga ƙunsawa ba. Na bi bakin titi da bakin masallaci da rana tsaka, ina sunkuye kamar mai neman allura, ina tsintar duk wata murtsukakkiyar takarda ina warwarewa. Mata suna tambayata lafiya, ina ce musu ɗan kunne na yar. Na samo 'yan kaɗan, duk mai ya huda su, tawadar ta narke. Na zo gida na bi su da dutsen guga ɗaya bayan ɗaya, na haɗa da na kwando, na ɗaure da zare. Ko kashi ɗaya cikin huɗu ba su kai ba. Washegari da sassafe na miƙa wa Baba a ƙofa. Na ce, "Baba, ka ce tsinta ka yi a bayan katanga." Ya karɓa ya juya ƙunshin, ya ce, "Ba zan ce na tsinta ba, 'yata, don ban tsinta ba. Amma zan kai masa, kayan ubansa ne."

Garin neman gira aka rasa ido. Ni a haukata na zaci in an ga wani abu ya dawo za a huce. Ban yi tunanin cewa takarda a hannun Baba ita ce shaidar da mudir yake nema ba. Baba ya kai wa Muhandis, Muhandis ya kwance zaren, ya ga rubutun ubansa an raba shi biyu da wuƙa yana warin man gyaɗa. Kuku ya ce mini bai yi faɗa ba, zama kawai ya yi a ƙasa yana ta jera gutsattsarin yana neman wanda zai haɗu da wani. Mudir ya zo ya ce wa Baba, "To, ga shi a hannunka. Wa ya ba ka?" Baba ya ce wanda ya ba shi amana ya ba shi. Mudir ya ce shi ke nan, ko shi ya sata ya sayar, ko yana rufa wa ɓarawo asiri, duk ɗaya ne, mai gadin da ba a yarda da shi ba ba shi da amfani. Ya ce a sallame shi, a kuma sanar cewa kamfani ya cire hannunsa daga takardarsa.

A ranar, da hantsi, na samu dama ta ƙarshe, kuma ita ce ta fi ci mini rai. Ina guga a baranda, rigar nan mai jela ce ma a kan tebur. Muhandis ya fito ya tsaya kusa da ni, idonsa duk ya faɗa. Ya ce, "Ba sai kin goge ba, babu wasa bana. Kashi na uku ya tafi gaba ɗaya." Sannan ya ce, "Ni ban yarda tsohon nan ɓarawo ne ba. Da wanda ya ɗauka zai zo ya ce mini kuskure ne, da na je na roƙi mudir. Amma ba wanda ya zo." Ya tsaya yana kallona, ba kallon zargi ba, kallon mai neman wanda zai taya shi baƙin ciki. Bakina ya buɗe, na rantse da Allah ya buɗe. Sai fuskar 'yar autata ta faɗo mini, na ga mu a bakin jirgi da ƙullin kaya. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ma'alesh, sai haƙuri, ya Muhandis. Allah ya mayar da alheri." Ya gyaɗa kai ya shige ciki. Na tsaya har dutsen ya ƙona rigar.

Da la'asar Baba ya ɗauki akwatinsa da butarsa da tabarma ya fita ta ƙofar da ya yi shekaru yana buɗe wa mutane. Ni na ɓuya a ɗakin wanki har ya wuce.

Ya koma unguwar Sa'alaba wurin wasu mutanen garinsu, yana kwana a zaure. Aka yi ta nema masa kafili, ba wanda ya karɓa, wa zai ɗauki tsohon da aka ce an kora a kan sata? Ina aika masa da abinci ta hannun wata maƙwabciya, ban taɓa zuwa da ƙafata ba. Takardarsa ta mutu. Bayan hajjin shekarar, lokacin da ake tsananta kamen waɗanda suka wuce wa'adi, aka tare shi a hanyar masallaci aka tafi da shi inda ake tara mutanen da za a mayar ƙasashensu.

A nan ne na kasa daurewa na je. Wani fili ne mai shingen waya, mutane cunkus a rana, kowa yana kiran sunan nasa. Na daɗe ina dubawa kafin na hango shi a gindin bango, zaune a kan akwatin nan. Ya rame, gemunsa ya yi buzu-buzu. Da ya gan ni ya taso a hankali ya zo bakin waya, ya ce, "A'a, 'yata, ke ce da rana haka? Ya Inna? Ya yaran?" Ni kuwa sai kuka. Na ce, "Baba, ni ce. Ni na kwashe takardun nan. Ni ce na kashe ka." Ya ce, "Subhanallahi. To wa ya ɗora miki kwalin a ka? Kin manta?" Na ce bari in koma in faɗa musu yanzu, ko me za su yi su yi. Ya girgiza kai ya ce, "Bakin alƙalami ya bushe. Sunana ya riga ya shiga takardar jirgi. In kin faɗa yanzu, a kore ku a banza, ni kuma ba a fasa tafiya da ni ba. Ki koma wurin 'ya'yanki."

Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun ranar. Da ma tsine mini ya yi, wallahi da ya fi mini sauƙi. Sai ya matso ya rage murya ya ce, "Abu ɗaya zan roƙe ki. In kin bi ta wajen maƙabartar nan, na san ba a barin mata su shiga, ki tsaya ko a jikin katanga ne ki yi wa tsohuwar sallama. Ki ce mata na so in zo, Allah bai nufa ba." A nan ya juya mini baya, ya koma ya zauna a kan akwatinsa. Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Bayan shekara biyu wani alhaji daga yankinsu ya kawo labari. Ya ce an sauke shi, ya nemi ƙauyensu da kyar, ya tarar duk wanda ya san shi ya mutu, gidansu ma ya zama gona. Ya zauna a rumfar masallaci, ko damina biyu bai gani ba ya rasu. Da aka buɗe akwatin aka ga likkafani, da shi aka rufe shi. Mutumin da ya taka duniya da ƙafa don ya kwanta a nan, ni na mayar da shi can, a kan takardar ƙunshin gyaɗa.

Muhandis bai ƙarasa kwantiraginsa ba, ya nemi a mayar da shi gida. Ya tafi yana mini godiya, har ya bar mini dutsen guga na lantarki a kan dakalin nan. Shekara ta zagayo, sauran suka samo wani wasan Jamusawan a bugaggen littafi, suka kafa ƙofofinsu biyar. Ni na goge kayan. Ina ɗakin wanki ina jin dariyarsu tana tashi, na san an zo wurin da ake tona asirin mai ƙarya ana yafe masa. Ban sake leƙa tagar ba.

Mun zauna, ba a kore mu ba. Yara suka girma, suka yi aure, suka hayayyafa. Inna ta rasu ba ta taɓa sanin abin da ta ƙunsa gyaɗa da shi ba. Mijina ma ya tafi, an binne shi a nan, ni ma in Allah ya so a nan za a binne ni, a ƙasar da Baba ya roƙa bai samu ba. Duk Juma'a, tun ina zuwa da ƙafata har yanzu da sai an kai ni a mota, nakan tsaya a jikin katangar maƙabartar nan in yi wa matar da ban taɓa gani ba sallama, in isar mata da saƙon mijinta. Jikokina sun zaci wata 'yar'uwata ce.

Akwai rabin takarda guda da na tsinta daga baya a ƙasan kwandon Inna, tana nan cikin akwatina. Wani jikana da ya yi boko ya ce in ba shi ya nemo mai karanta mana. Na ce ya bar ta, na san abin da ke ciki, ko ba a wannan gutsuren ba.

Sau da yawa nakan ce wa kaina ai kuskure ne, kowa a wurin zai iya ɗaukar kwalin nan. Gaskiya ne, ɗaukar kwali kuskure ne, kuma da na faɗa a ranar, wataƙila da faɗa kawai za a yi mini, wataƙila kuma da an kore mu, Allah kaɗai ya sani. Amma "ban gani ba" da na ce ba kuskure ba ne, zaɓa na yi. Abin da na koya, kuma na koye shi a makare, shi ne gaskiya tana da ranarta. In ka faɗe ta a ranar, tana iya ceton wani. In ka bari ranar ta wuce, ko ka faɗa daga baya kanka kawai kake sauke wa nauyi, wanda ka cuta ya riga ya tafi. Mutane suna tsoron tonon asiri, suna roƙon Allah ya rufa musu. Ni an rufa mini, ruf, har yau ba wanda ya kama ni. Muhandis ya gaya mini tun farko, in ba a kama mai ƙarya ba, to ba wasan dariya ba ne.